Kafin Bara'atu Ta Sauka

Karakkai, Bungudu.

Zuwa ga jikana Kamilu,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka a can Sudan ta Kudu. Allah Ya tsare ku, Ya maido mana ku da ƙafafunku. Mu nan alhamdu lillahi, gero ya yi kai, ƙafar kakarka Lantana ma ta yi sauƙi. Da hannuna nake rubuta maka, da ɗan bokon da na samu a ajin yaƙi da jahilci. Wayarka ta ƙi shiga, shi ya sa zan ba Sajan Mannir takardar, tun da zai koma wajenku.

Na ji saƙon muryar da ka aiko. Ka ce ka yi wa matarka Bara'atu saki ɗaya don masu kai wa 'yan bindiga rahoto su daina nuna ta da sunan matar soja, kuma in ka zo hutu nan da wata biyu za ka mayar da ita kafin idda ta cika. Na san tsoro ne ya sa ka, ba ƙiyayya ba. To amma akwai abin da ba ka sani ba. Bara'atu tana da ciki, kuma ya tsufa. Da shi ka tafi ka bar ta. Kunyar cikin fari ta hana ta gaya maka, kakarka kuma ta kama bakinta, ni ma sai ranar da saƙonka ya zo aka faɗa mini. Wallahi na yi murna har da hawaye, na fita zaure ina ta dariya ni kaɗai, wai ni ne zan ga tattaɓa-kunne. Har na ce wa yarinyar in kai ba ka so, ni tsoho ina so. Ba ta yi dariya ba.

Daga nan na kai wa liman maganar. Ya ce iddar mai ciki ba lissafin wata ba ce, haihuwa ce. Ranar da ta sauka, ranar aurenku ya ƙare, sai dai a ɗaura sabo da yardar mahaifinta. Shi kuwa Malam Haliru ya zo da kansa, ransa a ɓace, ya rantse ba zai sake ba soja 'yarsa ba. Ya ce tana haihuwa zai kwashe ta da jaririn zuwa ƙauyensu bayan Tsafe, inda mutane ke kwana a gona saboda hari. Ka ga wurin da ka so ka raba ta da shi, can ka tura ta. Tun ranar ko tari ta yi a ɗaki sai gabana ya faɗi.

Kamilu, kada ka jira hutu. Kana karanta wannan ka roƙi shugabanku, ka ari waya, ka hau ko tudu ne inda za ta shiga. Ka kira liman ka ce ka mayar da matarka, ni da shi za mu shaida. Maganar tsaronta ka bar mini, zan kai ta gidan kawunka Faruk a Gusau.

Kakarka tana gaishe da mijinta mai gudu. Ƙannenka Sadiya da Abdulaziz suna gaishe ka. Bara'atu ba ta ba da saƙo ba, amma tana bakin ƙofa har na gama rubutun nan. Ka hanzarta, jikana. Jiya ungozoma ta duba ta, ta ce a fara tara itacen wanka.

Kakanka,
Attahiru Dalhatu