Abin da Na Gani a Cikin Silin

Litinin, 7 ga Afrilu

Alhamdulillahi, hadarin jiya bai yi ɓarna ba. Ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas bayan la'asar, iska ta yi ta jijjiga kwanon ɗakinmu, sai kuma ya watse da ɗan yayyafi. Baba ya zagaya gida yana ɗaga kai yana duba duwatsu da tsofaffin tayoyin da ke danne da rufi. Ya ce ran Asabar, tunda ba zai fita Abuja da mota ba, zai hau ya ƙara bulo huɗu a kusurwar gabas, saman ɗakina ni da ƙanwata Balkisu. Duk shekara haka yake yi. Kowa ma a nan Iku haka yake yi.

Ni hankalina na kan littattafaina. Umma na fita kasuwa na taka kujera, na hau sif, na ture allon silin ɗin nan da ba shi da ƙusa. Ko ɗigo bai taɓa su ba. Goma sha tara, a ƙulle cikin ledarsu. Sai a lokacin numfashina ya dawo. Da sun jiƙe da wane ido zan kalli ƙawata Sa'ida? Na yayarta ne, aro ta ba ni. Ga Umma da ta rantse tun ran da sakamakon jarrabawata ya fito, in ta sake ganin littafin soyayya a hannuna murhu zai ci shi.

Talata, 8 ga Afrilu

Na hau in sauya littafi. Ƙafata ta ɗan zame a kan sif, na dafa katakon da ke kwance a kan bango, wanda duk sauran suka hau kansa. Yatsana ya shige ciki. Ya shige kamar cikin burodi.

Na kunna 'yar tocila. Daga waje lafiya lau yake, ciki kuwa gari ne. Gara ta ci shi tun daga saman tagarmu har kusurwa. Langa-langar da aka ɗaure shi da ita a jikin bango ta yi tsatsa ta tsinke, tana lilo.

A nan Baba zai taka ran Asabar. Da bulo a hannu. Kuma Baba ba ƙaramin mutum ba ne.

Na sauko ban ɗauki littafin ba.

Laraba, 9 ga Afrilu

Ina tsince shinkafa na ce wa Umma kamar ina jin motsi a rufinmu. Ta ce ɓeraye ne. Na ce ko gara ce? Ta ce yaushe na fara jin tafiyar gara, ni da ake kira sau uku kafin in amsa. Balkisu ta yi dariya har da ƙwarewa.

In na faɗa, tambayar farko ita ce me ya kai ni cikin silin. Kuma ni ban iya ƙarya ba, kunnuwana ke fara zafi. Na yi tunanin in kwashe littattafan tukuna, to in kai su ina? Sa'ida tana Sabon Wuse wajen kakarta sai ƙarshen hutu.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Dabara ta zo mini, na ji daɗi ƙwarai da kaina. Na ɗebo garin katakon cikin tafin hannu na barbaɗa a bakin ƙofar ɗaki, inda Umma za ta gani ta ɗaga kai.

Ta gani. Ta ce budurwa kamata ɗakinta kamar na akuya. Ta miƙo mini tsintsiya.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Na rubuta takarda ba suna, in sa wa Baba a aljihun riga. A littafi da haka za a yi, a yi ta neman wadda ta rubuta. Amma Baba ne ya koya mini rubutu, ya san yadda nake lanƙwasa ƙ ɗina. Na yaga.

Ya kawo bulo ɗin da yamma, suna jingine a bakin rijiya. Na kasa cin tuwo. Umma ta taɓa goshina ta ce ko zazzaɓi ne.

Asabar, 12 ga Afrilu

Dole in rubuta abin da ya faru yau.

Bayan karin kumallo Maman Blessing, maƙwabciyarmu, ta kawo aron tsani, ta tsaya hira da Umma. Wato har da baƙuwa. Baba ya tuɓe riga ya bar singileti, ya naɗe ƙafar wando, ya jingina tsani daidai tagarmu. Ni ina tsugune ina wanke-wanke, kwano ɗaya nake ta cuɗawa. Na ce Baba. Ban ji muryata ba ni kaina. Ya taka matakin farko, ya taka na biyu.

Ban san lokacin da na shiga ɗaki ba. Kujera, sif, silin. Na kama katakon na ja, guntu ya ɓalle a hannuna ba wuya. Na fito da gudu, kumfa a hannu, yanar gizo da ƙura a ɗankwali.

"Baba, kada ka hau."

Ya waiwayo daga kan tsani. Na miƙa masa. Ya sauko ya karɓa, ya murza da yatsu biyu, ya zube ƙasa kamar garin masara.

"Daga ina wannan, Tayyiba?"

"Daga cikin silin ɗinmu. Wanda ke kan bango. Haka yake har kusurwa."

Sai muryar Umma daga bayana, a hankali, irin a hankalin da na fi tsoro: "Ke kuma me ya kai ki cikin silin?"

Na ce ajiya nake yi.

Baba ya ɗauki tsanin ya shiga da shi ɗakinmu. Kansa ya daɗe a ciki. Na ji ya yi salati ƙasa-ƙasa. Can sai ga hannunsa ya sauko da leda, ya ce wa Umma ta karɓa. Ƙullin ya kwance, suka zube a kan gadon Balkisu, duk hotunan bangon nan a sama. Na so ƙasa ta tsage. Maman Blessing da ke leƙe daga ƙofa ta tuntsire da dariya, ta ce da Hausarta ashe laburare muke da shi a sama ba mu faɗa wa unguwa ba.

Baba ya fito da ƙura a gemu, ya zauna a kan bulo ɗaya. Ya tambaye ni yaushe na gani. Na ce Talata. Ya ce, "Talata." Ya kau da kai. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Can ya kalli Umma ya ce da ya taka wurin nan, da yanzu shi da bulonsa suna kan gadon yaran nan. Umma ta zauna a bakin ƙofa, ta rufe fuska da gefen zani. Ban taɓa ganin ta haka ba.

An kwashe katifunmu zuwa falo. Baba yana nan, ƙafafunsa biyu, yana jin rediyo. Sau nawa na leƙa shi yau ban ƙirga ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na yi barci kamar an zare mini ƙaya.

Litinin, 14 ga Afrilu

Ba a ƙona su ba!

Umma ta kira ni ɗakinta. Ta ce kayan aro ne, ba ta da ikon sa musu wuta, za su zauna a akwatinta har Sa'ida ta dawo. Sannan ta ce ba littattafan ne suka tsaya mata a rai ba, kwana huɗun nan ne. Ta ce in na ƙara ganin abin da zai cuci wani a gidan nan in faɗa ko da ni ce na jawo shi, faɗanta dai ba ya kisa. Na yi kuka. Ta bar ni na gama, ta ce in tashi in daka yaji.

Littafin nan mai shuɗin bango ne kawai ke damuna. Na tsaya daidai inda likitan ya sauka a tasha ita kuma motarsu ta riga ta tashi.

Laraba, 16 ga Afrilu

Malam Ɗanlami kafinta ya fara aiki jiya. Siriri ne kamar kara, fensir a bayan kunne, bakinsa ba ya hutawa. Ya sa an sauke duwatsu da tayoyi duka. Ya ce wa Baba dutse kwano kawai yake dannewa, in katako bai kama bango ba iska za ta ɗauki rufi da dutsensa, ta sauke a kan ɗan wani. Baba ya ce ai shekara tara suna riƙewa. Malam Ɗanlami ya ce ai ba su ne ke riƙewa ba, addu'ar Hajiya ce.

Da ya ji ni na gano sai ya sa mini suna Injiniya. Kunya kamar ta kashe ni. Ya ce in zo in nuna masa iyakar abin da na gani. Na tsaya daga ƙasa ina nuni da tocila, ya yi wa katako biyu alama ya ce shi ke nan. Na ce akwai na uku, can ciki. Ya ce wancan lafiyarsa lau. Sai na ji bakina ya ce ya ƙwanƙwasa ƙasansa. Ya ƙwanƙwasa da guduma, gari ya zubo masa a ido. Ya ce wa Baba gobe ba zai zo ba, a ba Injiniya gudumar.

Yau ɗakinmu ba rufi. Na shiga da rana na kwanta a kan siminti, ga sama a buɗe, shirwa biyu suna kewayawa. Na ji kamar wata ce a wani labari, wadda ke jiran saƙo. Sai wani gajimare ya taso, gabana ya faɗi, na manta da saƙo. Ya wuce. Alhamdulillahi.

Juma'a, 18 ga Afrilu

An gama. Sabon katako, an shafe shi da baƙin mai saboda gara, gidan duk warin gareji. An zarge shi da sabuwar langa-langa ta ratsa cikin bango. Ƙusa mai hula a kan tudun kwano ake bugawa, ba a kwarin da ruwa ke bi ba, na tambaya ya faɗa mini. Tsofaffin hujojin ya toshe su da kwalta.

Zai buge allon nan nawa da ƙusa, Baba ya ce ya bar shi, ta nan za a riƙa dubawa. Bai kalle ni ba da ya faɗa.

Talata, 22 ga Afrilu

Yau ne ya zo na gaske.

Wajen ƙarfe huɗu gari ya yi duhu kamar magariba. Kaji suka shige da kansu. Muna kwashe shanya iskar ta iso, ta fizge zani daga hannun Balkisu. Daga nan ba ka jin komai sai ƙarar kwano ta ko'ina. Ta taga na ga wani fallen kwano yana tafiya a sama yana juyawa kamar takarda. Umma ta rungume Balkisu a falo tana ta addu'a, tana kirana. Ni ina tsaye a ƙofar ɗakinmu, idona a kusurwar gabas. Ina jin iska tana cusa kanta ƙarƙashin kwanon tana neman ɗagawa. Ya yi ƙara. Ya sake yi. Bai motsa ba.

Kusan minti arba'in. Da ta lafa na zauna a ƙasa ina dariya ba dalili.

Rumfar shagon Maman Blessing ta tafi, an tsince ta a gonar rogo. Ba wanda ya ji ciwo. Bayan layinmu rufin gida biyu ya yaye.

Baba ya bugo, cunkoso ya riƙe shi a hanya. Ya tambayi lafiyarmu, sannan na ji Umma ta ce to ga ta. Ta miƙo mini waya. Ni. Ya ce in hau in duba in faɗa masa. Na hau, Umma da kanta ta riƙe mini kujera. Na ce masa katako a bushe yake, ɗauri bai saki ba, ɗigo ɗaya ne wajen falo kusa da ƙwan lantarki. Ya ce, "Madalla, uwata." Rabon da ya kira ni haka tun ina firamare.

Asabar, 26 ga Afrilu

Sa'ida ta dawo. Umma ta buɗe akwati ta ƙirga mini su goma sha tara, ta ce in kai da hannuna. Sa'ida ta ƙi gaya mini ko likitan cikin littafin ya same ta, wai sai na biya ta da awara.

Ba wani abu ba ne, amma bari in rubuta. Muna zaune a tsakar gidansu babanta ya shigo, yana cewa iskar Talata ta tsorata shi, gobe zai ƙara duwatsu a kan ɗakin baya. Shekara nawa ina zuwa gidan nan, bayan gaisuwar ina wuni ban taɓa ce masa komai ba, ita ma kaina a ƙasa. Na ɗaga ido na ga bakin kwanon ɗakin ya ɗan lotsa a tsakiya.

Na ce, "Baba, kafin a hau, a fara duba cikin silin."

Sa'ida ta saki baki tana kallona. Shi ma ya tsaya. Na yi masa bayanin gara da langa-langa, ina jin kunnuwana kamar an sa a wuta. Ina ga na yi tsawo da maganar. Ina ga ma har da nuni da hannu na yi.

Muryata ba ta yi rawa sosai ba. Ko ta yi ma, ya dai aika a aro tsani.