Katin Ƙwallo Ya Kawo Ni Wurin Mijina, Ga Wa'adinsa Ya Kusa Cika

Assalamu alaikum Hajiya Sana. Don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure, kuma uwata tana nesa.

Ba na manta ranar da aka rufe filin jirgin Accra saboda korona. Saura kwana tara maigidana, bari in kira shi Osman, ya taso daga Doha a ɗaura mana aure a Kumasi. Haka aka ɗaura babu shi. Wansa ya karɓa masa, shi yana kallo ta waya daga ɗakin da suke kwana su shida. Ni tun ina makaranta mayyar littattafan soyayya ce, har Mama kan ce wata rana zan ƙona tuwo in haɗa da gidan. A cikinsu in miji yana ƙasar Larabawa, sai dai ki ga amarya ta sauko daga jirgi ana buɗe mata ƙofar mota. Ba marubuciyar da ta taɓa gaya mini sai albashin miji ya kai wani mataki kafin a bar shi ya kawo matarsa, ko kuma ana duba sana'ar da aka rubuta a katinsa na zama a ƙasar. Osman gyaran lantarki yake yi a wani dogon bene a unguwar West Bay, amma katinsa lebura ya ce.

Fiye da shekara biyu ina matar waya, sau ɗaya ya zo hutu. Da gasar kofin duniya ta zo, sai ya saya mini tikitin wasan Ghana da Koriya, na sami katin Hayya da 'yan kallo ke shigowa ƙasar da shi. Ni da ban san ko mutum nawa ke buga ƙwallo ba! Na yi ihu har muryata ta dishe, kuma wallahi ba don ƙwallayen ba ne. Bayan gasar na koma gida. Da na ji an ƙara wa katin wa'adi, na sayar da keken ɗinkina na dawo.

Ina zaune a unguwar Nu'aija wurin Yaya Adjara, 'yar unguwarmu ce mai aikin jinya, mijinta injiniya. Osman yana masaukin kamfani inda mace ba ta shiga. Ran Juma'a yake zuwa mu tafi kasuwar Souq Waqif mu sha shayi muna kallon masu tura kaya a baro, kamar saurayi da budurwa. Kaɗan ne, amma ina ganin fuskarsa.

Yanzu saura mako bakwai katin Hayya ya mutu. Wani ɗan garinmu, Bawah, ya ce zai samo mini firi biza: wani kafil, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙo a ƙasar, zai rubuta ni a matsayin ma'aikaciyarsa, ba zan yi masa aikin komai ba, a riƙa dai ba shi nasa duk shekara. Sunan ma daɗi ya yi mini. Osman ya ƙi. Ya ce in koma, kuɗinmu sidi ta faɗi, abin da yake aikowa ya fi auki a gida. Mijin Yaya ya ce ai doka ta canza, Osman zai iya sauya kamfani ba tare da yardar kafil ba, a gyara masa kati. Osman ya ce doka a takarda take, shi ya ga wanda ya gwada ya tsinci kansa a jirgin komawa gida. Su yi ta musu abinci na hucewa, ba mai tambayata.

Na cire 'yan kunnen zinaren aurena. Ran Asabar zan kai wa Bawah su a matsayin kuɗin bizar, haɗe da fasfona, Osman bai sani ba.

'Yar Zango a Doha

Wa alaikumus salam 'yata. Mayar da 'yan kunnenki, ki zauna mu yi magana.

Son zama kusa da miji ba wauta ba ne, haƙƙinki ne, kuma sun yi kuskure da suke yanke hukunci a kanki kina zaune. Shi ma Osman ba gudunki yake ba. Mutumin da ya ga an kori ɗan'uwansa dole ya taka a hankali.

Amma wannan biza sunanta ne kawai firi. Ba kyauta ba ce, ba kuma 'yanci ba ce. Za ki ɗaura zamanki a hannun mutumin da ba ki taɓa gani ba, bisa aikin da babu shi. Ran da ya ga dama ya ƙara farashi, ko ya kai rahoto cewa kin gudu daga aiki, ba ki da bakin kai ƙara, don ke ma kin taka doka. In aka fitar da ke ta wannan hanya, ana iya rufe miki ƙofar dawowa, abin kuma ya shafi mijinki. Fasfo kuwa ba a ba dillali.

Ki gaya wa Osman abin da kika yi niyya, yau, ke da shi, ba a gaban kowa ba. Ya kamata ya san inda kaɗaici ya kai ki. Sannan ku je tare ku tambayi hukumar ƙwadago yadda ake sauya aiki da gyaran sana'a a kati, ku ji daga bakin masu abin, ba daga musun falo ba. In mijin Adjara ya yarda da dokar haka, to ya taimaka da neman kamfanin da zai ɗauki Osman da sunan sana'arsa. Ke ma kina da hannu: ki nemi shagon ɗinki na gaske da zai ɗauke ki aiki na gaske, Adjara ta raka ki.

In mako bakwai ya cika ba a dace ba, ki fita kafin ranar, da sunanki a wanke. Amma kada ki tafi sai kun tsayar da lokaci, wata kaza zai nemi canji, wata kaza zai zo gida, ku sa babba ya shaida.

Allah ya haɗa ku ƙarƙashin rufi ɗaya, ya sanyaya miki zuciya.

Hajiya Sana