Irin da ya tsiro a cikin sito

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Inna ta samu sauƙin ƙafar, har tana fita tsakar gida da kanta, Auta kuma ta koma makaranta.

Yaya, ga abin da ya sa na rubuto miki. Kin san da gama karatuna aka ɗauke ni aiki a shirin raba wa manoma iri. Ban daɗe ba gwamnati ta haɗe shirinmu da na rijiyoyi da na hanyoyin karkara, wai don aiki ya yi sauri a daina ɓarna. Ban ga laifin hakan ba. Sai dai an ɗauke shugabanmu, sabon bai iso ba, aka kuma ba da umarni kada ko ƙwaya ta fita daga sito sai ya sa hannu. Makullin sito kuwa ni aka miƙa wa.

Damina ta sauka. Kullum manoma na zaune a barandar ofis. Wani dattijo ya tambaye ni ko an sanar da hadari cewa ya jira sabon shugaba. Direbanmu har ya laƙaba mini Sarkin Makulli, wai ina gadin abinci ga ɓeraye. Na yi ta ba su haƙuri, ina cewa bin doka ya fi.

Jiya na buɗe siton don in duba. Innalillahi! Kwanon rufin ya yoye ta kusurwar gabas. Buhunan masarar da ke wajen sun kumbura, tsiro fari fat ya huda su ya fito, saiwoyi sun kama buhun ƙasa. Na sa hannu, ciki da zafi, ga warin ruɓa. Abin da na gani da idona: layin jikin bango ya lalace, na tsakiya ya fara danshi, na bakin ƙofa lafiya lau. Na buga wa hedkwata waya, aka ce maganar sito yanzu tana sashen da ba a gama kafawa ba.

An ce jiki magayi, jiya na yarda. Kin san ni da tsoro, ko layi ban taɓa tsallakewa ba. Amma gobe da safe, in Allah ya kai mu, zan buɗe ƙofar a gaban ma'aikata in raba wa manoma buhunan da ba su lalace ba, in sa hannuna da sunana. Wataƙila in rasa aikina. Don Allah kada Inna ta ji tukuna. Har yanzu tana nuna wa baƙi hotona na ranar kama aiki.

Ki gaida maigidan, da Babban Yaya in ya leƙo, da 'yan biyunki. Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Ɗan lelen Inna