Makin Mai Tsaron Gida

Zuwa ga ƙanena Malam Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya Rabi da yara. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan unguwar Mansur, a ƙasa mai tsarki, lafiya lau, alhamdulillahi.

Ɗanka Nura ya ɓata mini rai a kan gasar ƙwallon da ya haɗa mana a waya, wadda kowa ke zaɓen 'yan wasansa, a ba shi maki gwargwadon abin da suka yi a fili. Tun farko mun amince cewa mai tsaron gida yana da maki duk ranar da ba a ci shi ba. A kan haka na gina ƙungiyata, har na shige gaba.

Ina Arfa ina rabon abincin alhazai, sai ya tara sa'o'insa suka soke wannan ƙa'ida, wai mai zura ƙwallo kaɗai ke da maki. Na dawo na tarar da ni ne na ƙarshe. Da na yi magana, sai ya ce, "Baba, tsaron gida ai ba ya burge kowa."

Ni ake gaya wa haka, ni da yatsana bai miƙe ba har yau saboda tsaron ragar unguwarmu! Kuma a yanke shawara ba a jira ni ba? Ka gaya masa ya mayar da ƙa'idar kafin Juma'a, ko ya cire sunana.

A sa mu a addu'a. Ka gaishe da kowa. Nura kuwa, sai ya gyara.

Yayanka,
Mamman