Gurbin Ryohei

Nagoya, 9 ga Maris

Zuwa ga Malam Ichinohe,

Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. A nan sanyi ya fara saki, amma na san a gida har yanzu dusar ƙanƙara na kwance a gindin Dutsen Iwaki. Da fatan Malam da iyali kuna lafiya.

Ni ce Osanai Chizuru, 'yar masu gonar tuffa ta bayan tashar jirgin ƙasa. Na san ba sai na tuna wa Malam ba, don mutum ba ya manta sunan wanda ya watsa masa ƙasa a ido.

Shekara goma sha biyar ke nan da Malam ya buga hatiminsa a takardar shaidata. Gurbi ɗaya tak jami'ar nan ta Tokyo take ba makarantarmu duk shekara, ba jarrabawa, wanda makaranta ta tsaya masa ya shiga. Sharaɗin kuwa kowa ya san shi ko ba a rubuta ba: wanda aka tura, sunan makaranta ya ɗauka a kansa, in ya yi watsi da karatu a janye gurbin. Ni na yi watsi. A tsakiyar shekara ta biyu na tattara kayana na bar sashen shari'a, ban ce wa kowa uffan ba. Da jerin gurabe ya fito bayan wata biyu, babu sunan jami'ar. Wanda ke kan layi a shekarar kuma ƙanena ne, Ryohei.

Yanzu ina koya wa baƙi masu aikin kula da tsofaffi Japananci. Makon jiya muna darasin yadda ake yabon abu a ce babu kamarsa, sai na ji misalan Malam na fitowa daga bakina: "In zafi ya yi, babu kamar taliya mai sanyi. In mura ta kama ka, babu kamar barci." Har da ƙwanƙwasa allo sau biyu. Ɗalibai suka yi dariya, ni kuwa na juya musu baya ina goge allon da babu komai a kansa.

Ga dalilin wannan wasiƙa. Mama ta rubuto cewa idonta na dushewa, tana so ta gan mu ni da Ryohei a tebur ɗaya tun tana gani. Tun lokacin ban taka garinmu ba sai ranar jana'izar Baba, ita ma a baya na zauna, na fita kafin a kawo abinci. Ryohei ko kallona bai yi ba. Na rasa wanda zai shiga tsakaninmu sai Malam, wato mutumin da na fi kowa kunyatawa. Na san wannan rashin ta-ido ne, kuma ina rubutawa ne kamar ƙasa ta tsage in shige.

Malam ya kula da jikinsa, sanyin ƙarshe ya fi mugunta.

Ɗalibarka da ba ta cancanci sunan ba,
Osanai Chizuru

*

Daga gida, 21 ga Maris

Osanai,

Na amsa gaisuwa. Ƙanƙara ta fara narkewa, hanya duk taɓo, gwiwata na yi mini tsiya. Iyali ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Da kina karanta katin sabuwar shekara da nake aika miki gidanku da kin sani. Goma sha huɗu na aika, uwarki ta ce suna cikin gwangwanin biskit suna jiran ki.

Na sami kuskure biyu a wasiƙarki, na ja musu layi da ja, ga ta nan na haɗo miki. Mai koyar da harshe ke nan. Ina tausayin baƙin nan. Kuma sau uku nake ƙwanƙwasa allo, ba sau biyu ba.

Kin san abin da kike roƙo kuwa? Bari in gaya miki abin da ba ki gani ba. Shekara uku Ryohei bai yi fashin kwana ɗaya ba, don masu ba da gurbi suna duba rajista. Akwai ranar da ya zo da zazzaɓi yana rawar ɗari, na ce, "Kai, tafi gida kada ka mutu mini a aji." Ya ce, "Malam, in na mutu a nan ai an rubuta na zo." Ranar da jerin ya fito ya tsaya gaban allon sanarwa ya karanta tun daga sama har ƙasa, ya sake karantawa. Sannan ya zo ofis ya ajiye mini littafin bayanin jami'ar a tebur, duk gefensa ya lanƙwashe saboda buɗawa. Ya rusuna ya ce, "Na gode da ɗawainiya." Bai zauna wata jarrabawa ba, gona ya koma, yana can har yau.

Ba na zuwa gidan mutum da hannu wofi. Kafin in ɗaga ƙafa sai kin gaya mini abin da ya sa kika bari. Ba ki taɓa faɗa wa kowa ba, ni ma ban tambaya ba, kuma ina da dalilina na rashin tambayar.

Ki ci abinci. A hoton makarantarku da na gani kin rame kamar tsinken cin abinci.

Ichinohe

*

Nagoya, 6 ga Afrilu

Zuwa ga Malam,

Bayan gaisuwa. Furannin bakin kogi sun buɗe har sun fara zuba. Ina yi wa Malam ta'aziyya, duk da na makara da shekara huɗu. Wannan ma wata kunyar ce a kan ta da.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, don haka ga shi. Malam zai iya tuna takardar da ake raba wa 'yan aji uku, kowa ya rubuta abin da yake so ya karanta? Ni koyarwa na rubuta, a kwalejin da ke kusa da gida. Malam ya kira ni ofis ya ce, "Osanai, mai maki irin naki ba ta ƙarewa a gaban allo kamar ni. Ga magogi." Na karɓa na goge. Ba wanda ya riƙe mini hannu, na ce "to" har da murmushi, don daɗin a ce ni aka zaɓa.

A Tokyo ban gane komai ba, kuma ban so in gane ba. Ina buɗe littafin shari'a sai in ji kamar an cusa mini auduga a kai. Daga baya na daina shiga aji. Kullum da safe in yi shiri tsaf, in hau jirgin ƙasan nan mai zagaya birni, in zauna yana ta kewayawa da ni har lokacin tashi daga makaranta ya yi. Wata huɗu na yi a haka, ina aika wa Mama hoton ƙofar jami'a.

Kada Malam ya ce ban san abin da zai biyo baya ba. Na sani sarai. Ana saura mako ɗaya in bari Ryohei ya kira ni yana tsokana, ya ce, "Yaya, ki riƙa ɗumama mini kujera, baɗi ina nan tafe. Kuma ki koyi girki, ba zan ci shinkafarki mai ruwa ba." Na yi dariya na ce ya zo da tukunyarsa. Ina ajiye waya na ciro takardar barin makaranta daga jaka, da ma na riga na cika ta.

Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da na faɗa masa a ranar, da ya sami watannin shirya wa wata jarrabawa. Kunya ta rufe mini baki, shi kuma ya biya da makomarsa. Ba na ɗora wa kowa laifi. In Malam ya ga babu abin kaiwa a cikin wannan, na fahimta.

Da girmamawa,
Chizuru

*

Daga gida, 17 ga Mayu

Chizuru,

Tuffa ta yi fure, gari duk ya yi fari. Na yi kwana arba'in ban amsa ba. Ba gwiwa ba ce.

Takardar da kika goge tana wurina. In aka ɗaga ta a rana har yanzu ana ganin "koyarwa" a ƙarƙashin "shari'a", don kina danna fensir da ƙarfi. Ba don kewa na ajiye ta ba, ɓoye ta na yi don kada wani ya gani.

A shekarar akwai yaro, Fukushi, mai son shari'a kamar ransa, amma makinsa bai kai naki ba. Jami'ar ta yi mana ƙorafi a kan wanda muka tura kafin ke, ni kuma ina so in burge su, in burge shugaban makaranta. Sai na rubuta musu da hannuna: "In ɗaya za ku ɗauka, babu kamarta. Wannan karatu ne burinta tun tana ƙarama." Na buga hatimi a kan ƙarya.

Da gurbin ya faɗi aka yi taron malamai. Shugaba ya dube ni ya ce, "Malam Ichinohe, da ma yarinyar tana son abin nan kuwa?" Na ce, "Da bakinta ta roƙa." Haka na maimaita wa mahaifinki ranar da ya zo makaranta da kwalin tuffa yana ba da haƙuri, goshinsa na neman taɓa gwiwa. Na karɓi tuffar, Chizuru. Na kai gida muka ci. Ya mutu yana zaton 'yarsa ta roƙi abu ta zubar.

Laifi tudu ne, na taka nawa shekara goma sha huɗu ina hango naki tare da mutanen gari. Katin da nake aika miki ma don in ji kamar ni mutumin kirki ne. Shirun da kika yi wa ƙanenki naki ne, ba zan ɗauke miki shi ba. Amma ni na miƙa magogin, kuma ni na yi ƙaryar.

Gobe zan je gona da takardar. Ban yi miki alkawarin komai ba. Kuskuren da ke cikin wannan wasiƙa ke za ki ja masa layi, jan alƙalamina ya bushe.

Ichinohe Shigeo

*

Gona, 29 ga Mayu

Yaya,

Gaisuwa. Mama na nan, tana cin abinci.

Malam ya zo. Tsoho mai shekara saba'in da takwas ya durƙusa a taɓo gaban ma'aikatana, sai da mu biyu muka ɗaga shi. Na ga takardar. Kada ki ƙara turo mini tsoho, in kina da magana ki kawo ta da ƙafarki.

Mun fara rage 'ya'yan tuffa a bishiya, hannu bai ishe mu ba. In kin manta, biyar ke fitowa a kowane gungu, a bar na tsakiya a tsinke huɗu. Shekara goma sha huɗu ina yi, har yanzu ba na duban ƙasa in ina tsinkewa.

Ki hau jirgin ƙasa na ƙarfe goma da kwata ranar Asabar. Ki zo da takalmin roba, naki na da ya ruɓe. Ban ce na yafe ba. Na ce hannu bai ishe mu ba.

Mama ta sa an fito da kwanonki.

Ryohei