Rubutun da Baba Ba Ya Gani

Maamobi, Accra

Zuwa ga ƙanena Izzuddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Wadia da yara, a cikin sanyin nan naku na Hamburg. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan lafiya lau, sai ruwan makon jiya da ya cika kwata har bakin ƙofa. Gwaggo Zuera ta samu sauƙin gwiwa, ta koma sayar da kokonta.

Maganar shafin intanet da ka yi wa masallacinmu ce. Kowa ya yaba, amma da gyara. Ka san shekara talatin Baba ne ke karanta sanarwa bayan sallar Juma'a, suna da ɗaurin aure da rasuwa. Tun da kwamiti ya daina rubutawa a takarda, daga shafinka yake karantawa a waya, rubutun kuwa ƙanana kamar ƙwayar gero. Makonni biyu da suka wuce ya tsaya gaban lasifika, ya ja fuskar wayar da yatsu biyu, rubutu ya ƙi girma. Ya kasa karantawa, sai Alhaji Ganiyu, sakataren kwamiti, ya karɓi wayar ya karanta. Ranar Baba bai ci abinci ba, ni ma abin ya yi mini ciwo.

Na je kasuwar Circle, na kai wayar wurin Hakim mai gyara. Ya ƙara girman rubutu a saitin wayar, saƙonni duk suka girma, shafinka ko gezau. Ya ce kai ka kafe girman a piksel goma sha biyu, ka kulle ja da yatsu don kada adonka ya wargaje. Wai maganin shi ne ka auna da abin da kuke kira rem, mai bin saitin wayar mutum, ka buɗe kullen, sannan ka ninka girman ka duba kada layi ya hau layi. Kai ne malamin abin, amma da idonka na saurayi ka auna wa dattawa.

Kwamiti ya ce in Baba ya sake kasawa, Alhaji Ganiyu zai karɓi sanarwar gaba ɗaya. Ga abin da ba wanda ya sani: Alhamis ɗin da ta wuce na karanta masa ya haddace, washegari ya riƙe waya a masallaci kamar yana karantawa. Sunaye shida ne, ya fita lafiya. To ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Juma'a mai zuwa ce addu'ar mamatan unguwa kafin azumi, sunaye arba'in da uku.

Gwaggo Zuera da mijina Fuseini suna gaishe ku, ka shafa mini kan 'yarka Nadia. Baba bai san na rubuto ba, kada ka nuna masa. Ka gyara kafin Alhamis don Allah. Sunan mahaifiyarmu Mma ne na goma sha tara, yana so ya faɗe shi da bakinsa.

Yayarka,
Amama