Hankicina da Ƙurar Mars

Kofanhegan, Denmark
12 ga Maris, 2024

Hajiya Turai,

Bayan sallama, ina fatan kina lafiya, ke da ɗanmu Ja'afaru da iyalinsa da mutanen Wudil baki ɗaya. Ni lafiya lau nake. Gwiwar nan ce kawai ba ta jituwa da sanyin ƙasar, amma bai kai abin magana ba. Ki sa a duba rufin ɗakin littattafaina kafin damina.

Ranar Litinin ta makon jiya 'yarmu Khaulat ta kai ni ɗakin bincikensu, inda suke nazarin ƙurar da ke mannewa a jikin maganaɗisun na'urorin da aka saukar a duniyar Mars. Ina zagayawa sai na ga wani faifai mai maganaɗisu ya yi buɗu-buɗu da jar ƙura mai kama da ta Mars. Kin san halina. Na zaro hankici na goge shi. Ashe gwajinta ne na mako uku, wanda za ta gabatar ranar Juma'a.

Cewa kawai ta yi, "Baba, me ka yi?" Kwana biyu abinci bai yi mini daɗi ba.

Cikin ikon Allah, da ta duba faifan da madubin bincike, ta tarar da ƙurar da hankicin ya kasa cirewa, daidai inda maganaɗisun ya fi ƙarfi. Ita ta auna ta gabatar, shugabanta kuwa ya yaba ƙwarai. Har sunana ta sa a shafin godiya, na kuma duba, an rubuta shi daidai.

Yanzu an yarda in riƙa shiga, bisa sharaɗin hannuwana su zauna cikin aljihu.

Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Saifuddeen Indabo